Nazarin Bisharar Markus a Matsayin Aikin Adabi

Manufar wannan takarda ita ce nuna wa ɗalibi yadda ake ɗora ma'aunin adabi a kan littafin addini. Mai nazari yana duban yadda aka gina labari ne. Batun gaskata abin da ke ciki kuwa fage ne na daban. Za mu ɗauki Bisharar Markus, wadda ta fi sauran bisharu uku gajarta. Surorinta 16 ne, kuma yawancin masana na ganin an rubuta ta da Helenanci wajajen shekara ta 70 Miladiyya.

Ta fuskar salo, marubucin mai gaggawa ne. Kalmar da ake fassarawa da "nan da nan" ta fito kusan sau 40, ga jimloli gajeru da ake ta haɗawa da "kuma". Wannan alama ce ta labarin da aka tsara don kunne, kamar yadda muka saba a adabin baka. Mai fassara da ya ɗauki maimaicin a matsayin aibi ya share shi, to ya kashe saurin labarin.

Ta fuskar zubi da tsari, Markus yakan cusa labari a cikin labari. A sura ta 5, Yayirus ya roƙi Yesu ya warkar da 'yarsa. Suna kan hanya sai wata mace mai zubar jini ta tsayar da tafiyar, kafin su isa yarinyar ta rasu, sannan aka tashe ta. Matar ta yi shekara 12 tana fama, yarinyar ma shekararta 12. Lambar ce ta ɗaure labaran biyu, jinkirin kuma ya ƙara wa mai sauraro zulumi.

Sai kuma rufewa. A tsofaffin kofe biyu na ƙarni na 4, wato Sinaiticus da Vaticanus, littafin ya tsaya ne a sura ta 16, aya ta 8: mata sun gudu daga kabari a tsorace, ba su gaya wa kowa ba. An bar mai karatu da tambayar yadda labarin ya iso gare shi.

Aikin gida: tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. A karanta sura ta 11, a bayyana yadda labarin itacen ɓaure ya kewaye na Haikali, da ma'anar da wannan tsari ya haifar.