Matsayin Girman Jiki a Gasar Nunin Karnuka

A ƙasar Ingila, inda aka kafa ƙungiyar Kennel Club a shekarar 1873, kowane jinsin kare yana da rubutacciyar siffa wadda alƙalan gasa suke dubawa kafin su yanke hukunci. Daga cikin abubuwan da aka ƙayyade har da tsayin kafaɗa, wani lokaci kuma da nauyi.

To, a nan ne gizo yake saƙa. Alal misali, siffar da aka rubuta wa ƙaton karen nan Great Dane ta ce kada tsayin namiji ya gaza santimita 76, amma ba ta faɗi inda zai tsaya ba. Idan alƙali ya fifita mafi girma bana, masu kiwo za su yi ta haɗa manya da manya, har girman ya zama cuta. Irin waɗannan karnuka ba safai suke wuce shekara 10 ba. Murɗewar tumbi da sankarar ƙashi sun fi addabarsu. Ƙanƙantawa ma ba ta tsira ba, domin akan sami ɗan mitsitsin Chihuahua da maɗigar da ba ta rufe ba.

Ya kamata ma'auni ya bi aikin da aka san kare da shi. Dogayen ƙafafun karen Azawak, na makiyayan Nijar da Mali, farautar barewa ce ta tabbatar da amfaninsu tun kafin Turawa su auna shi.

Bayan wani shirin talabijin na BBC ya tona illolin irin wannan kiwo a 2008, Kennel Club ta sake duba siffofin a 2009, ta kuma umarci alƙalai su daina saka wa wuce gona da iri da lambar yabo.