Maraƙin da Aka Haifa da Rauni, da Abin da Ya Wajaba a Yi Masa

A gidan manomin da dukiyarsa ta shanu ba ta wuce saniya biyu ko uku ba, waɗanda yake ɗaurewa a turke yana ciyar da su da harawa da dusa da karan dawa, haihuwar maraƙi al'amari ne da aka yi wata tara da 'yan kwanaki ana dakonsa, kuma mutuwarsa hasara ce mai jawo wata hasarar. Dalili kuwa shi ne, shanunmu masu tozo, Bunaji ne ko Rahaji ko Bokoloji, galibinsu ba su sakin nono sai sun ga ɗansu, sun shinshine shi, ya fara tsotso. Idan ya mutu, sau da yawa nonon kan ƙafe cikin 'yan kwanaki, har ta kai wasu makiyaya kan feɗe fatarsa su cusa mata ciyawa, su ajiye a gaban uwar lokacin tatsa domin su yaudare ta. Saboda haka kindirmon uwargida da man shanunta, da san huɗar da maigida yake fata nan da shekara uku ko huɗu, duk suna rataye ne ga ran wannan ɗan tsurut ɗin da ke kwance cikin yauƙi. Idan kuwa ya fito da rauni, bayan ikon Allah, abin da mutanen gida suka yi ko suka bari a yininsa na farko shi ne mafi yawan abin da zai raba tsakanin rayuwarsa da mutuwarsa.

Lafiyayyen maraƙi yakan ɗaga kai cikin 'yan mintoci, ya gyara kwanciya bisa ƙirjinsa kafin minti 15, ya yi ta yunƙuri yana faɗuwa har ya tsaya da ƙafafunsa cikin sa'a guda ko kusa da haka, sa'an nan ya lalubi hantsa kafin sa'a 2 ta cika. Wanda ya zauna shimfiɗe a gefe guda, kai a ƙasa, ko harshensa ya kumbura ya leƙo waje, ko jikinsa ya rine da rawayan kashin da ya yi tun yana ciki, wannan ya sha wuyar naƙuda, kuma ba a jiransa ya farfaɗo don kansa. Farkon abin dubawa numfashi ne: a sa yatsa a share majinar hanci da baki, a kwantar da shi bisa ƙirji da ƙafafun gaba a lanƙwashe domin huhunsa biyu su sami buɗewa, a ɗan sosa cikin hancinsa da tsinken ciyawa mai tsabta har ya yi atishawa, a goge haƙarƙarinsa da ƙarfi da buhu ko busasshiyar ciyawa. Akwai al'adar riƙe maraƙi ta ƙafafun baya a rataye shi kai ƙasa, wai don ruwa ya zubo daga huhu, alhali kuwa mafi yawan ruwan da ake gani yana zuba daga ciki yake fitowa, kuma kayan cikin sukan danne masa ƙirji a daidai lokacin da yake neman shaƙar iskarsa ta farko. Barin wannan al'ada ya fi.

Idan numfashi ya daidaita, sai a koma ga dakashi, wato nonon farko mai kauri, mai ruwan ƙwai, wanda saniya ke bayarwa bayan haihuwa. A nan ne ya kamata mai karatu ya dakata ya yi nazari, domin akwai wata hikima ta halitta da jahilcinta ke kashe maruƙa ba adadi. Jaririn mutum yakan sami wani kaso na garkuwar jikin uwarsa tun yana ciki, ta hanyar mabiyiya, amma mabiyiyar saniya ba ta barin waɗannan sinadarai na kariya su ƙetara zuwa ga ɗanta, saboda haka maraƙi yakan faɗo duniya ba shi da makamin yaƙi da ƙwayoyin cutar da ke cikin ƙasa da kashin shanu. Gaba ɗayan kariyarsa tana cikin dakashi. Sa'an nan hanjinsa an halicce shi ne a buɗe ga waɗannan sinadarai na wani ƙayyadadden lokaci kaɗai, suna ratsawa su shiga jini sosai cikin sa'a 6 na farko, ratsawar tana raguwa sa'a bayan sa'a, kafin a cika sa'a 24 kuwa ta kusa yankewa ɗungum, kamar ƙofar gari ta zamanin da, wadda in an rufe ta da almuru, wanda ya makara sai ya kwana a waje ko da wane irin kaya ya zo. Wasu masana biyu na Amurka, Theobald Smith da Ralph Little, sun tabbatar da muhimmancin wannan nono tun 1922, yayin da suka hana wasu maruƙa dakashi, suka ga mafi yawansu sun mutu cikin 'yan kwanaki da cutar da ta mamaye jininsu, 'yan uwansu da suka sha kuwa suka rayu.

Gwargwadon da ake so maraƙi ya sha cikin sa'o'in farko shi ne ushirin nauyinsa. Tun da yake maraƙin Bunaji yakan zo da nauyin kilo 20 zuwa 25, abin da yake bukata ya kai lita 2 ko fiye kaɗan, a raba masa sau biyu ko uku. Mai ƙarfi zai ɗebi rabonsa da kansa. Raunanne kuwa sai an taimake shi, kuma kafin a ba shi kome, lalle ne a wanke hannu a sa masa yatsu biyu a baki. In ya kama yana tsotsa, ko da a hankali, to, a tallafe shi a kai shi ga hantsa, a matsa masa ɗan dakashi a harshe. In ba zai iya tsayuwa ba, a tatso a ƙwarya mai tsabta, a zuba a bulumboti ko kwalba mai kan roba, a ba shi yana kwance bisa ƙirji, kai a ɗage kaɗan, a bar shi ya haɗiya da kansa. Amma in an sa yatsu aka ji bakin da sanyi, harshen kuma bai motsa ba, to, ɗura haramiyarsa ce, domin abin da aka tuttula wa dabbar da ba ta iya haɗiya huhu yake wucewa, kuma da yawa daga maruƙan da ake cewa rauni ya kashe su a kwana na uku, ɗurar masu ƙaunarsu ce ta kashe su. Irin wannan sai a fara ɗumama shi, a kuma aika a kira malamin dabbobi, wanda yake da siririyar robar da ake zurawa ta maƙogwaro har cikin tumbi.

Wani lokaci uwar ce matsala: karsana mai haihuwar fari takan ƙi ɗanta ta yi ta harbi, sai an ɗaure ƙafafunta an tatsa, wata kuma takan mutu, ko a iske hantsar ba kome. Nan fa zumunci da maƙwabtaka suke amfani, a nemi dakashin wata saniya da ta haihu a wannan rana, in ba a samu ba ko na akuya ya fi babu. Ba a ɗora shi bisa wuta, domin zafi yakan daskarar da shi ya lalata amfaninsa; sai dai a sa kwalbar cikin ruwan ɗumi. Ƙwai da madara da wasu ke kaɗawa su ba maraya abinci ne, amma ba su da kariyar da ake magana. Gidajen da suka saba tatse dakashi su dafa wa yara, su yi wa Allah su bar wa maraƙi na kwana uku na farko.

Sanyi kuma abokin gaba ne da ake rainawa a ƙasar zafi. Maraƙin da aka haifa da asubahin hunturu, ko cikin ruwan Agusta, jikinsa jiƙe, uwar kuma ta gaji ba ta lashe shi ba, zafin jikinsa kan zube da sauri, ya sauka daga wajen digiri 39 da ya kamata ya tsaya, kuma da ya huce sai tsotso ya gagare shi. A tsane shi sarai, a shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa mai kauri a zaure ko wani ɗaki da iska ba ta kaɗawa, a lulluɓe shi da buhu, a jingina masa kwalaben ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma, a riƙa juya shi kada ya daɗe a gefe guda. Cibiya kuma a tsoma ta cikin aidin tun a sa'ar farko, a maimaita washegari. Kashin shanu ko ƙasa da wasu ke shafawa hanya ce ta shigar da cuta, wadda kan bayyana bayan mako guda ko biyu da kumburin cibiya da na gwiwoyi, ban da ƙudan da ke yi mata ƙwai ta yi tsutsa.

Game da asalin raunin, galibi a wurin uwa ake samunsa. Mafi yawan girman ɗan tayi cikin wata uku na ƙarshe yake faruwa, saniyar da waɗannan watanni suka riske ta a ƙarshen rani, daga Maris zuwa Mayu, ba ta da abin ci sai busasshen kara, ƙaramin ɗa za ta haifa, dakashinta ma kaɗan ne. 'Yar harawar wake ko ta gyada, da angurya ko dusa, da gishiri, da aka tanada mata tun kaka, sun fi kowace allura da za a saya daga baya araha. Akwai kuma doguwar naƙuda, musamman ga karsanar da aka haɗa da babban bijimi irin na Turai: idan faya ta fashe aka yi sa'a guda ko biyu ba ci gaba, a nemi gwani, kada a tara ƙarti su yi ta ja da igiya. Sa'an nan akwai bakkale, cutar da wani likitan dabbobi na Denmark, Bernhard Bang, ya gano ƙwayarta a 1897, wadda ke sa ɓari a watannin ƙarshe, da haihuwar raunana, da maƙalewar mabiyiya. Tana kama mutum ta ɗanyen nono da taɓa kayan haihuwa, ta sa masa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Don haka a sa leda a hannu, a binne mabiyiya da zurfi, a tafasa madara, in kuma abin ya maimaitu a garke a nemi a ɗebi jini a gwada, aikin da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda take can tun 1924, da asibitocin dabbobi na jihohi suka san shi.

Maraƙin da ya tsallake yinin farko, zawo ne jarrabawarsa ta gaba, kuma ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa. Alamarta idanu su faɗa, fatar wuya kuma in an tsunkule ta a saki ta daɗe ba ta koma ba. Mutane da yawa, da kyakkyawar niyya, kan haɗa masa ruwan gishiri da sukari irin na yara, ba su san cewa hanjin ɗan maraƙi ba ya narkar da sukarin shayi ba, har ma yakan ƙara masa zawon. Gulukos ake so, ko garin da ake sayarwa a ƙunshe domin wannan aiki, a ba shi tsakanin shan nono, ba tare da an yanke masa nonon ba. A wajen kwana 10 zuwa 16 kuma a ba shi maganin tsutsar ciki bisa shawarar malamin dabbobi, domin akwai wata doguwar farar tsutsa da ke bin nonon uwa ta shiga cikin ɗa.

Saura maganar tatsa, wadda a nan ne son zuciya kan shigo. Saniyar gida abin da take bayarwa kaɗan ne, kuma kowane ludayi da ya shiga ƙwarya daga bakin maraƙi aka ɗauke shi. Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan ga ra'ayin mai dabba ba, domin a cikin Muhtasar na Shehu Halilu, a babin ciyarwa, an ƙayyade cewa abin da ya halatta a ɗiba daga nonon dabba shi ne gwargwadon da ba zai cutar da ɗanta ba. Ga maraƙin da ya zo da rauni, wannan gwargwado a makonni biyu na farko kusan babu ne: a bar shi tare da uwarsa ya sha sa'ad da ya so, kada a yi gaggawar kai shi dangwali tare da manya, sa'an nan in ya fara tsalle yana bin ta, a soma tatsar kan nono biyu a bar masa biyu har ya kama cin ciyawa.