Manzilolin Wata da Zaɓen Rana a Kankiya da Kusada: Iyakar Hisabi da Camfi

Gabatarwa

A garuruwan Kankiya da Kusada, a tsakiyar Jihar Katsina, kamar sauran ƙasar Hausa, akwai tambayoyi biyu da akan kai wa malamin da aka sani da hisabi. Manomi kan zo a ƙarshen bazara ya tambayi tauraron da ake ciki, domin ya san ko ruwan da ya sauka ya isa a yi shuka. Uban amarya kuma kan zo ya tambayi ranar da take da sa'a a sa ta ɗaurin aure, da wadda take nahisa a kauce mata. Sau da yawa takarda ɗaya malamin zai buɗe ya amsa duka biyun, shi ya sa jama'a ke ɗaukar su abu guda. A wajen malaman shari'a kuwa hukuncinsu ya sha bamban, har ɗaya daga cikinsu yana taɓa tauhidin mai tambaya. Wannan maƙala za ta bayyana inda iyakar take, tare da kwatanta al'amarin da kalandar Hindu, wadda ta yi fice wajen haɗa ƙidayar lokaci da zaɓen sa'a.

Ƙidaya biyu a hannun Bahaushe

Ƙidaya ta farko ita ce ta watannin Musulunci, wadda ake ginawa a kan ganin jinjirin wata. Da ita ake azumi da layya da aikin Hajji da idda da cikar shekarar zakka. Bahaushe ya laƙaba wa watannin sunayen gida: Muharram watan cika-ciki, Rajab watan azumin tsofaffi, Shawwal watan ƙaramar salla, Zulhajji watan babbar salla. Shekarar wata tana da kwana 354 ko 355, wato ta gaza shekarar rana da kusan kwana 11. Saboda haka Ramadan yakan zagaya damina da kaka da hunturu da bazara a cikin kimanin shekara 33. Ƙidayar da ke yawo haka ba za ta gaya wa mai gero da dawa da gyaɗa lokacin shuka ba.

Wannan giɓin ne ƙidaya ta biyu ta cike, wato ta manziloli 28, waɗanda Hausawa ke kira taurari. Asalinsu masaukai ne a sararin sama da wata ke ratsawa, kusan masauki guda kowane dare. Amma idan aka auna su da tafiyar rana, kowanne yana ɗaukar kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. Masu hisabi sun raba su bakwai-bakwai ga yanayi huɗu. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Surayya, wadda Bahaushe ke kira kaza da 'ya'yanta, tana cikin na ƙarshen bazara. Idan dattijo a Kusada ya ce ruwan bazara ba abin sakin jiki ba ne, a jira taurarin damina, yana faɗar abin da kaka da kakanni suka lura da shi ne shekara da shekaru: sau da yawa ruwan farko kan ɗauke, shuka ta ƙone, iri ya salwanta.

Alƙur'ani ya ambaci tushen ƙidayoyin biyu. Aya ta 189 a Suratul Baƙara ta nuna jinjirin wata ma'aunin lokaci ne ga mutane da aikin Hajji, aya ta 5 a Suratu Yunus kuma ta nuna an ƙaddara wa wata manziloli domin a san adadin shekaru da lissafi. Hikimar da ayoyin biyu suka ambata ita ce sanin lokaci.

Yadda abin yake a Indiya

Kalandar Hindu, wadda ake kira fancanga, ma'anarta gaɓoɓi biyar, tana ba da abubuwa biyar game da kowace rana: titi, ranar mako, nakshatara, yoga da karana. Titi shi ne tsawon lokacin da tazarar wata da rana ke ƙaruwa da daraja 12, saboda haka wata yana da titi 30, sha biyar na farin wata, sha biyar na duhu. Nakshatara su ne masaukan wata, guda 27, wani lokaci a ƙara ɗaya su zama 28 kamar na Larabawa. Domin kada bukukuwansu su bar yanayinsu, suna ƙara wata guda kusan duk bayan wata 32 da rabi. Musulunci bai karɓi ƙari ko jinkirta watanni ba, kamar yadda ayoyi na 36 da 37 a Suratut Tauba suka tsayar da su goma sha biyu.

A kan wannan lissafi aka ɗora zaɓen sa'a. An raba yini da dare zuwa muhurta 30, kowace minti 48, kuma masani kan zaɓa wa mutum wadda zai ɗaura aure, ko ya shiga sabon gida, ko ya buɗe shago. Ana guje wa titi na 4 da na 9 da na 14 wajen fara abin alheri. Kowace rana kuma tana da wani yanki na kimanin sa'a ɗaya da rabi da ake danganta wa Rahu, wanda ba a fara muhimmin aiki a cikinsa. Rahu a ilimin falaki mahaɗar hanyar wata ce da hanyar rana, wurin da husufi kan auku, amma a aƙidarsu wani mai iko ne da ke cutarwa.

Malaman Musulunci sun daɗe da sanin wannan. A zamanin Halifa Mansur (754–775) aka kawo wani littafin falaki daga Indiya zuwa Bagadaza, aka fassara shi da sunan Sindihindi. Abu Raihana Albiruni ya yi bayanin kalandar Indiyawa dalla-dalla a littafinsa Tahƙiƙu ma lil Hindi, wajen shekarar 1030. Abin lura a misalin Indiya shi ne, mai fancanga yana iya faɗin daƙiƙar da wata zai shiga wani masauki, kuma ya dace, domin wannan lissafi ne. Amma da'awar cewa auren da aka ɗaura a wannan daƙiƙa zai yi albarka wani abu ne daban, wanda lissafin bai tabbatar ba. Ingancin ƙidaya kan sa mai sauraro ya gaskata hukuncin da aka jingina mata, alhali babu igiyar da ta ɗaure su.

Shigowar zaɓen rana ƙasar Katsina

A cikin littattafan Larabci ana kiran wannan fanni ihtiyarat, kuma ya samu shiga fadoji tun da wuri, har masu duban taurari ne suka zaɓa wa Mansur lokacin aza harsashin Bagadaza a 762. Ta hanyar fatake da alhazai littattafan fannin suka iso ƙasar Hausa. Katsina ma ta fitar da gwani a cikinsa, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mai littafin Addurrul Manzumi a kan ɗalasimai da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Misira.

Abin da ya sauko hannun talakawa daga wannan fanni ya fi sauƙi. Akwai kwanaki bakwai na kowane wata da ake kira nahisa: 3, 5, 13, 16, 21, 24 da 25. Akwai Larabgana, wato Larabar ƙarshe ta watan Safar, wadda ake cewa bala'o'i na sauka a cikinta, har a sha rubutu domin kariya. Akwai kuma lissafin haruffan sunan ango da amarya a ga ko taurarinsu sun dace. Illar waɗannan ba ta tsaya a aƙida kaɗai ba. Akan ɗaga aure bayan an gama shiri, akan fasa shi gaba ɗaya don an ce taurari sun saɓa, akan kuma jinkirta tafiyar da ke da amfani.

Malaman jihadi sun yi magana a kan haka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Nurul Albabi, ya soki masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da hukuncin taurari, ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubutu na musamman yana gargaɗi a kan masu sihiri da duban taurari. Duk da haka ilimin manziloli bai gushe ana koyar da shi a zaurukan daular ba, har aka tsara shi a waƙoƙin Hausa domin sauƙin hadda. Wannan ya nuna sun rarrabe tsakanin fannonin biyu.

Ma'aunin shari'a

Malamai, daga cikinsu Ibnu Rajab, sun raba ilimin taurari gida biyu: na tafiyarsu, wanda ake sanin alƙibla da lokuta da yanayi da shi, da na tasirinsu, wanda ake da'awar suna jawo alheri ko sharri. Risalar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ɗalibai ke karantawa a zaure, ta taƙaita duban taurari ga gane alƙibla da sassan dare. Hadisin Zaidu ɗan Halidu Aljuhani, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, ya ba da labarin ruwan da aka yi da dare a Hudaibiyya, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa mai danganta ruwa ga falalar Allah shi ne mumini, mai danganta shi ga tauraro kuwa ya kafirce wa Allah. Imamu Shafi'i ya fayyace cewa wanda ya ambaci tauraro yana nufin lokacin da ruwa ya saba sauka bai kafirta ba, ko da yake wani lafazin ya fi soyuwa gare shi. Manomin Kankiya da ya ce an shiga Zira'a, yana nufin damina ta kankama, yana cikin wannan rukuni.

Game da nahisa, hadisi ingantacce ya kore camfi da shu'umcin Safar. Ruwayar da ke cewa Larabar ƙarshen wata ranar nahisa ce, Ibnul Jauzi ya sa ta cikin ƙagaggun hadisai. Ranar nahisar da aya ta 19 a Suratul Ƙamar ta ambata ta shafi Adawa ne da aka halaka, kuma a cikinta ne Annabi Hudu da muminai suka tsira. Larabawa sun kasance suna camfa aure a Shawwal, sai Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta rushe camfin da hujjar cewa a Shawwal aka ɗaura aurenta, a cikinsa kuma ta tare, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Wannan ba ya nufin lokuta duka darajarsu ɗaya. Shari'a ta fifita Juma'a da Ramadan da goman farko na Zulhajji. An ruwaito addu'ar albarka ga sammakon wannan al'umma, Buhari kuma ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son fita tafiya ranar Alhamis. Daga nan za a iya tsayar da ma'auni guda: duk wanda ya zaɓi lokaci, a tambaye shi dalilinsa. Idan nassi ne ingantacce, zaɓinsa ibada ce. Idan sababi ne da ido ke gani, kamar sa biki bayan kaka domin rumbu ya cika kuma hanya ta bushe, ko kauce wa ranar kasuwa domin jama'a su halarta, zaɓinsa hankali ne. Idan kuwa ba shi da ko ɗaya sai cewa ranar kanta tana cutarwa, to wannan shi ne camfin da aka hana. Mai shakka a kan wani al'amari, shari'a ta ba shi istihara da shawara, kuma babu ranar da aka hana yin su.

Kammalawa

Akwai kuskure biyu da ke fuskantar ɗalibin ilimi idan ya koma garinsu. Na farko ya yi shiru a kan nahisa da lissafin sunaye domin gudun ɓacin ran dattawa, alhali aya ta 34 a Suratu Luƙman ta keɓe wa Allah sanin abin da rai zai aikata gobe. Na biyu ya yi wa fannin kuɗin goro, ya kira duk mai ambaton Surayya ko Jabha mushriki, har ilimin yanayi da aka tara cikin ƙarnoni ya tafi tare da tsofaffin da ke riƙe da shi. Abin da ya dace shi ne a zauna da masu hisabin Kankiya da Kusada a rubuta ƙidayarsu ta manziloli, a gwada ta da bayanan ruwan sama na yankin, musamman yanzu da damina ke sauya hali, a kuma ware abin da aka cusa mata na sa'a da nahisa. Hausawa na cewa rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta yi ƙarya. Ranar da aka sa za ta zo yadda Allah ya halicce ta, abin da ya rage ga bawa shi ne shiri da niyya da dogaro ga Ubangijin ranar. Allah ne Mafi sani.