Daga Riyad Zuwa Dajin Kamuku: Labarin Sabon Shugaba Da Mutanen Birnin Gwari

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ranar Jumma'a 29 ga watan Mayu na shekara ta 2015 ta Masihiyya, wadda ta faɗo cikin Sha'aban na shekara ta 1436 ta Hijira, aka rantsad da Janar Muhammadu Buhari, Allah ya ji ƙansa, ya zama Shugaban Nijeriya. Abin da jama'a suka fi sa rai gare shi a wannan rana shi ne zaman lafiya, gama a lokacin nan fitinar Boko Haram ta cinye Barno, ta taɓa Yobe da Adamawa. A cikin jawabinsa na farko ya yi umurni a ɗauke cibiyar yaƙi daga Abuja a mai da ita Maiduguri. Mako bai zagayo ba sai ga shi a Yamai wurin Shugaba Mahamadou Issoufou, kashegari ya sauka Injamena wurin Idris Deby. Dabara ce mai kyau, don in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tabkin Cadi, aka kafa mata mazauni a Injamena, Nijeriya ta yi alkawarin dala miliyan 100.

Daga nan sai Shugaba ya juya fuska wajen gabas. Cikin Nuwamba ya tafi Tehran taron ƙasashe masu arzikin iskar gas. Cikin Disamba Yarima Muhammad bin Salman na Saudiyya, wanda a sa'an nan shi ke riƙe da ma'aikatar tsaro ta ƙasarsu, ya shelanta cewa ƙasashen Musulmi 34 sun haɗa kai domin yaƙi da ta'adda, da sunan Nijeriya a ciki. Iran da Iraki da Siriya ba su cikin lissafin, kowa kuwa ya san dalili. A wannan watan ne aka yi arangamar Zariya tsakanin soja da almajiran Malam Ibrahim Zakzaki, inda hukumar binciken da gwamnatin Kaduna ta naɗa ta samu an kashe mutum fiye da 340. Shugaban Iran, Hassan Rouhani, ya buga wa Buhari waya a kan maganar. Ashe gabar Riyad da Tehran ba ta da nisa da ƙofar gida.

Cikin Fabrairu 2016 Buhari ya ziyarci Sarki Salman a Riyad, ya yi Umra, ya wuce Katar. Da farko an ji cewa zai goyi bayan ƙawancen amma ba zai shiga ba. Ba a jima ba, cikin Maris, ya gaya wa gidan talbijin na Aljazira cewa Nijeriya tana ciki, hujjarsa kuwa ita ce masu kashe mutane a ƙasarsa suna da'awar Musulunci, saboda haka ya kamata ƙasashen Musulmi su sa hannu. Waɗansu shugabannin Kirista suka ta da murya, suka tuna da 1986, sa'ad da Janar Babangida, shi ma yana sabon shugaba, ya shigar da ƙasar cikin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ba da shawarar jama'a ba.

To, duk wannan labarin fada ne. Mai karatu ya bar Riyad ya komo gida, ya fita Kaduna ta yamma, ya bi tsohuwar hanyar Ikko ta Buruku da Udawa da Kuriga. Bayan mil saba'in da 'yan kai zai iso Birnin Gwari, ƙasar Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu. Ƙasa ce mai albarka: masara da dawa da shinkafa da waken suya, ga kiwo, ga zinariya a ƙarƙashin ƙasa. A gefenta dajin Kamuku ya ke, wanda aka keɓe tun 1936 zamanin Turawa, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Dajin nan ba shi kaɗai ba ne. Ya sarƙe da na Kuyambana a Zamfara, ya miƙa hannu wajen Sabuwa da Faskari a Katsina, ya gangara ƙasar Neja. Mutum ya saci shanu a wata jiha da dare, kafin hantsi yana wata, ɗan sandan da ke bin sawunsa kuwa iyakarsa kan iyaka.

Tun kafin Buhari ya hau, wutar ta riga ta kama. Cikin Zulƙida 1433, wato Oktoba 2012, mahara suka faɗa wa Dogon Dawa da asuba, suka kashe mutum fiye da 20, yawancinsu a bakin masallaci, domin ramuwa a kan 'yan banga da suka matsa musu. Abin lura a nan shi ne, waɗannan mahara ba su zo da tuta ba, ba su zo da wa'azi ba. Shanu su ke so, da kuɗi, da fansa. Wanda ya yi kisan da wanda aka kashe sau da yawa alƙibla ɗaya su ke fuskanta. Ƙawancen Riyad, da dukan girmansa, ba a ɗinka shi don irin wannan ciwo ba.

Ba a ce ba a yi kome ba. A 2015 Gwamna Nasiru El-Rufa'i da takwarorinsa na jihohin da ke kewaye da dajin suka tara kuɗi, aka tura soja cikin Kamuku da Kuyambana, aka ƙwato dubban dabbobi. Cikin Yuli 2016 Buhari da kansa ya sa kayan soja ya tafi Ɗansadau ya buɗe farmakin da aka kira Harbin Kunama. Amma abin ya zama kamar korar tsuntsaye a gonar gero: a kore su nan, su sauka can. Da satar shanu ta yi wuya, sai ɓarayin suka koma satar mutane, gama mutum ya fi saniya sauƙin kora, ya kuma fi ta kuɗi. Direbobi suka shiga jiran rakiyar soja kafin su kama hanyar Kaduna. Manomi ba ya shuka sai ya biya, ba ya girbi sai ya ƙara biya.

Cikin Maris 2018 aka kashe soja 11 a Kamfanin Doka. Cikin Mayu, ana saura kwanaki kaɗan a kama azumi, aka auka wa ƙauyen Gwaska, aka kashe aƙalla mutum 45, har da yara ƙanana. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai bayan wannan ne Shugaba ya yarda a girke bataliya ta dindindin a Birnin Gwari, kusan shekara uku bayan hawansa.

Daga baya kuma abin da aka tafi nema wa magani a ƙasar Larabawa ya tarad da mutane a gida. Ƙungiyar Ansaru, wadda ta ɓalle daga Boko Haram a farkon 2012 ta jingina da Alka'ida, an ɗauka ta mutu sa'ad da aka kama jagoranta Khalid al-Barnawi a Lokoja cikin Afrilu 2016. Ashe ta ɓuya ne. Cikin Fabrairu 2020 'yan sanda suka kai wa sansaninta hari a dajin Kuduru. Kafin 2022 mutanenta suna shiga ƙauyukan gabashin masarautar, irin su Damari, suna wa'azi, suna rabon kyauta, suna cewa za su kare talakawa daga ɓarayin daji, suna hana harkar siyasa. Talakan da ya yi shekaru yana kuka ba wanda ya amsa, ba abin mamaki ba ne in ya saurari wanda ya zo ƙofarsa da bindiga da alkawari. A shekarar nan Gwamna El-Rufa'i ya rubuta wa Shugaba takarda cewa 'yan ta'adda suna neman kafa tasu hukuma a wannan yanki.

Buhari ya sauka a 2023, ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025. A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari ya karɓi tuban waɗansu shugabannin daji, aka sake buɗe kara bayan ta yi shekaru a rufe, manyan motoci suka fita da shanu zuwa kudu. Waɗansu suka yi hamdala. Waɗansu kuwa suka yi shiru, don sun tuna an yi irin wannan sulhu a Zamfara da Katsina a 2016 da 2019, ya warware. Cikin Agusta 2025 Malam Nuhu Ribadu, mai ba Shugaba Tinubu shawara kan tsaro, ya ba da sanarwar an kama manyan Ansaru biyu, Abu Bara'a da Malam Mamuda, daga baya kuma aka gurfanar da su gaban babbar kotun tarayya a Abuja.