Mararrafa Ko Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa: A Tona Ko A Bari?

A bayan gidan wani abokina da ke wajen birnin Raleigh, a jihar Carolina ta Arewa, akwai wata 'yar ƙofa da tsayinta bai wuce gwiwa ba. Ran nan ya buɗe ta, ya miƙo mini tocila, ya ce in biyo shi. Da rarrafe muka shiga, wani wurin ma sai da jan ciki. Jar ƙasa ce a ƙarƙashinmu, mai sanyi da danƙo kamar ta bakin rafi. A samanmu ga katakan da suka ɗauki daɓen gidan, ga bututun ruwa, ga wayoyin lantarki, ga audugar tare sanyi ta jiƙe tana reto. Warin rima ya cika wurin, muna jin takun yaransa a bisa kawunanmu. Ya haska lungu-lungu ya ce, "Malam, dubi filin nan. Faɗin gidan gaba ɗaya ne, amma babu mai morarsa sai gizo-gizo. Yara sun girma, Hajiya kuma tana tafe."

Wannan rata da ke tsakanin ƙasa da daɓen gida, Amurkawa da rarrafe suka raɗa mata suna, don haka mu kira ta mararrafa. Mai irin wannan gida hanya biyu ce a gabansa. Ko ya tona ta, ya zurfafa har mutum ya iya miƙewa tsaye, ta koma ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ko ya bar ta da zurfinta, ya gyara ta, ya nemi ƙarin ɗaki a wani wajen.

Kafin a auna su, yana da kyau a san cewa sanyi ne ya raba wa Amurka waɗannan gine-gine biyu. Ƙasa idan ta daskare kumbura take yi, ta ɗaga duk abin da ke kanta, shi ya sa dole harsashin gini ya sauka ƙasa da inda ƙanƙara ke kaiwa. A Minnesota doka ta ce inci 42 a kudancin jihar, inci 60 a arewacinta. Wanda ya riga ya tona ƙafa biyar, ƙarin ƙafa biyu ko uku ba wani abu ba ne, sai kawai ya samu ɗaki. A kudu maso gabas kuwa, inda daskarewar ba ta shiga ƙasa sosai, ba abin da ke tilasta zurfi. Abin gudu shi ne laima da gara. Sai aka ɗora gidan katako a kan gajeren bango ko ginshiƙai. Duk wanda ya ga yadda ake ɗora rumbu a kan duwatsu don iska ta ratsa ƙarƙashinsa, gara kuma ta rasa hanya, ya fahimci hikimar. Saboda haka mai son mai da mararrafa ɗaki yana neman sauya shawarar da maginin farko ya yanke ne bayan ya dubi ƙasar wurin.

Ta fuskar amfani, ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya yi wa mararrafa fintinkau. Gida mai hawa ɗaya zai iya ninka faɗinsa ba tare da an ci taƙi ɗaya na tsakar gida ba: ɗakin kwana, wurin wanki, ma'ajiya, har falo. Da rani yana da sanyi, da hunturu kuma ƙasa na tare masa iska. Mararrafa ko an gyara ta ba ta zama wurin zama. Iyakarta ta ba mai gyaran famfo hanya, ta kuma riƙe 'yan akwatuna.

Ta fuskar aiki kuwa, sai magana ta juye. Gyaran mararrafa na 'yan kwanaki ne: a kwashe tarkace, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa har ta hau bango, a liƙe mahaɗarta, a toshe tagogin iska, a sa na'urar zuƙe laima. Iyali suna cikin gidansu, abincin rana ma ba ya makara. Tono kuwa aikin watanni ne. A ɗauki gida mai tsawon ƙafa 40 da faɗin 30. Dokar gini da yawancin jihohi ke bi ta ce ɗakin zama kada ya gaza ƙafa 7 daga daɓe zuwa rufi, kuma sai an bar wa tsakuwa da kankaren daɓe wurinsu. In an tona ƙafa biyar, ƙasar da za ta fito ta haura tan 250. Babbar motar tono ba ta shiga ƙarƙashin gida. Da diga da shebur ake farawa, a durƙushe, ana tura ƙasar waje ta wata kafa a kan bel ko cikin bokiti, sai wuri ya buɗe ƙaramin inji ya samu shiga.

Kwashe ƙasar ma shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne gidan yana zaune a kan ƙasar da ake son kwashewa. Magina suna da dabaru uku. Ta farko, a raba bango gida-gida, kowane ƙafa uku ko huɗu, a tona ƙarƙashin harsashi a gida ɗaya, a tsallake biyu ko uku, a zuba kankare, a jira ya yi ƙarfi, a cusa busasshen siminti a ratar da ke tsakanin sabo da tsoho, sannan a dawo kan waɗanda aka tsallake. Wannan tana ba da cikakken ɗaki, amma tana cin lokaci da kuɗi. Ta biyu, a bar tsohon harsashi yadda yake, a ja baya daga bango a tona tsakiya, a kewaye gefen da dakalin kankare. Ta fi araha kuma ta fi kwanciyar hankali, sai dai dakalin yana cinye ɗakin ta kowane gefe. Ta uku, a zura gungumen ƙarfe, a ɗaga gidan ɗungurungum da jak, a gina sabon bango, a sauke shi. Ba sabuwar dabara ba ce: a shekarun 1850 da 1860 haka mutanen Chicago suka ɗaga manyan gine-ginen bulo don su shimfiɗa magudanan ruwa. A duk ukun, kuskuren lissafi ɗaya na iya tsaga bango, ya karkatar da ƙofofi, ko ya kayar da gida har da na maƙwabci. A Landan, inda tsadar fili ta sa masu kuɗi suka yi ta tona hawa biyu da uku a ƙarƙashin gidajensu, sai da hukumar unguwar Kensington da Chelsea ta taƙaita abin a yankinta a 2015 zuwa hawa ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: wanda ba zai iya biyan injiniya da izinin hukuma ba, kada ya ɗauki diga. Gyaran mararrafa ba shi da wannan fargaba, don ba ya taɓa abin da ya ɗauki gida.

Sai maganar ruwa, wadda a ganina ta fi sauran nauyi. Duk biyun ruwa na damunsu, amma damuwar ba iri ɗaya ba ce. Na mararrafa a hankali yake ci. Iskar bazara mai ɗumi da laima tana shiga ta tagogi, ta tarar da katako mai sanyi, ta zama raɓa. Funfuna ta tsiro, katako ya fara ruɓewa, gara ta samu wurin zama. Kuma da yake iskar gida sama take tashi, warin nan yana bi ta ramukan bututu ya shiga ɗakunan kwana. Shekaru ake yi kafin ɓarnar ta bayyana, leda da na'urar zuƙe laima kuma suna maganin mafi yawanta. Na ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuwa dare ɗaya yake zuwa. Rami ne, ruwa kuma rami yake nema. Dole a kewaye shi da magudana, a haƙa 'yar rijiya a kusurwa, a sa injin da zai riƙa zuƙe ruwan yana fitarwa. In akwai banɗaki, shi ma sai da injin tura ƙazanta sama. Injin kuma da lantarki yake aiki, lantarkin da ya fi ɗaukewa a daren da ake tafka ruwa. A ranar 1 ga Satumba 2021, ragowar guguwar Ida ta zubar da ruwa sama da inci uku cikin awa ɗaya a New York. Mutum 11 suka rasu a ɗakunan haya na ƙarƙashin ƙasa, yawancinsu baƙi 'yan ƙasashen waje da suka zauna can saboda arahar haya. Ruwan ya danne ƙofa, babu wata mafita. Shi ya sa dokar tagar tsira ba ƙa'idar banza ba ce: kowane ɗakin kwana sai da tagar da mutum zai iya fita, wadda bakinta bai wuce inci 44 daga daɓe ba. A yankunan da hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ta ayyana a matsayin masu haɗarin ambaliya ma, ba a yarda a yi sabon ɗakin da ya sauka ƙasa da matakin ambaliyar ba, inshorar ambaliya ta gwamnati kuma kaɗan take biya na abin da ya lalace a can ƙasa.

Amma ramin da ruwa ke kashewa a ciki, shi ne mafaka ranar iska. A tsakiyar Amurka, inda mahaukaciyar guguwa mai juyi ke tsinke gidaje kamar kara, babu wurin da ya kai ƙarƙashin ƙasa aminci. Guguwar da ta afka wa garin Moore na Oklahoma a 20 ga Mayu 2013 ta kashe mutum 24, a garin da gidaje ƙalilan ne ke da irin wannan ɗaki, saboda ƙasarsu yumɓu ce mai kumbura da tsukewa. Mararrafa ba mafaka ba ce. Gida in ya zame daga kan ginshiƙansa, a kan wanda ke ciki zai sauka.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani, wato iskar radon da ke fitowa daga duwatsun ƙasa, ba launi ba wari. A 1984 wani injiniya mai suna Stanley Watras ya riƙa tayar da ƙararrawar na'urorin tashar nukiliya ta Limerick a Pennsylvania. Da aka bincika, daga gidansa yake kwaso abin. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa radon na haddasa mutuwar kusan mutum 21,000 a shekara ta hanyar kansar huhu, bayan taba ita ce ta biyu. Duk gidajen biyu na iya tara ta, dukansu kuma ana maganinta da bututu da fanka. Bambancin shi ne, ba wanda ke kwana a mararrafa.

Kuɗi kuwa ba sai an ja magana ba. Gyaran mararrafa 'yan dubban daloli ne, tono kuma dubun dubata, wani lokaci ya haura dubu ɗari. Masu ƙiyasin darajar gidaje ba sa haɗa ɗakin da ke ƙarƙashin ƙasa da faɗin gidan na sama, daban suke rubuta shi, kuma farashinsa bai kai na sama ba. Tono ya fi biyan kansa ne a birane irin su Toronto, Washington da Seattle, inda fili ya yi tsada, gidaje suka matse, ba wurin faɗaɗawa a gefe, ɗakin kuma zai iya kawo kuɗin haya.

Da aka jera su haka, ni dai na karkata ga barin mararrafa a gyara ta, sai fa in abu uku sun haɗu: ƙasa busasshiya mai gangara, fili mai tsada da ba ya ba da damar gini a gefe, da kuɗin da zai kai aikin ƙarshe har da abin da ba a zata ba. In sun haɗu, tono ya cancanta, musamman a ƙasar guguwa. Abokina ɗaya kawai yake da shi, shi ma da ƙyar. Injiniyan da ya kira ya sa aka haƙa ramin gwaji mai zurfin ƙafa takwas a gefen gidan, aka rufe shi da katako. Bayan ruwan sama na kwana biyu muka ɗaga katakon, ruwa ya kai rabin ramin, ja wur, kuma mako guda bai tsotse ba. Ya sa aka shimfiɗa leda a mararrafar, aka toshe tagoginta, ɗakin Hajiya kuma aka fitar da shi ta bayan kicin, inda tagarsa ke kallon gabas.