Gamora da Nebula: yadda uba ya raba kan 'ya'yansa mata biyu

Yau za mu leƙa finafinan almarar kimiyya, wato irin waɗanda ake tafiya sararin samaniya, ana haɗuwa da halittun wasu duniyoyi. Amma ba jirage da bindigogin haske za mu tattauna ba, maganar 'yan'uwa mata za mu yi. Wanda bai kalli finafinan Marvel har zuwa Endgame ba, ya sani zan tona labari sosai.

In aka ce 'yan'uwa mata a irin waɗannan finafinai, mutane da yawa Katniss suke tunawa a The Hunger Games na 2012, wadda ta miƙa kanta a gasar kisa don kada a tafi da ƙanwarta Prim mai shekara 12. Wasu kuma Nani a Lilo & Stitch na 2002, yayar da ta zama uwa bayan iyayensu sun rasu. Duka biyun suna da kyau, sai dai soyayyar a fili take tun farko. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda ta fara da ƙiyayya, wato ta Gamora da Nebula.

Su biyun ba ciki ɗaya suka fito ba, ko jinsinsu ma ba ɗaya ba ne. Gamora koriya ce, Nebula shuɗiya. Thanos ne ya ɗauko su suna yara ya riƙe su, bayan ya hallaka rabin mutanen duniyar su Gamora. A Guardians of the Galaxy na 2014, Thanos ya kira Gamora 'yar da ya fi so, alhali Nebula na wurin tana ji. Ka ga 'yar mowa da 'yar bora ke nan, kowane Bahaushe zai gane wannan yanayin ba sai an yi masa bayani ba.

A fim na biyu, na 2017, James Gunn ya buɗe mana asalin abin. Tun suna ƙanana Thanos yake haɗa su faɗa da sunan horo. Duk ranar da Gamora ta yi nasara, sai ya cire wani sashe na jikin Nebula ya sa mata na ƙarfe, wai don ta kamo 'yar'uwarta. Ido, hannu, har cikin kai. Gamora kuwa ba ta taɓa bari an kayar da ita ba, ko sau ɗaya.

To a nan ne nake ganin amfanin almarar kimiyya. A rayuwa ta gaske, yarinyar da ta tashi ana ce mata “ki dubi 'yar'uwarki mana” ba a ganin tabonta, tana iya girma tana dariya da kowa. Amma a fim ɗin nan an ɗora tabon a jiki. Duk ƙarfen da ka gani a jikin Nebula, rana ce da aka gwada ta da Gamora aka ce ba ta kai ba. Karen Gillan, wadda ta fito a matsayinta, har muryar ta maida ƙasa-ƙasa, kamar ta wanda ya daɗe da daina sa ran a saurare shi.

Akwai wurin da Nebula ta biyo Gamora da jirgi tana ɓarin wuta, jirgin ya faɗi cikin kogo, Gamora ta ciro ta kafin ya fashe. Maimakon godiya sai ta sake rufe ta da faɗa, ta shaƙe ta, ta yi nasara karon farko a rayuwarta. Sannan ta sake ta. Abin da ta faɗa mata a taƙaice shi ne, ke nasara kike nema, ni kuwa 'yar'uwa kawai nake so. Amsar Gamora daga baya ita ta sa ban ɗauke ta muguwa ba: ita ma yarinya ce a lokacin, tana neman yadda za ta kai gobe da rai, ba ta taɓa tsayawa ta duba abin da ake yi wa ɗayar ba. Shi wanda ya shirya gasar yana gefe, su suna cin naman juna.

A Infinity War na 2018 Thanos ya yi amfani da wannan sabuwar shaƙuwa. Ya rataye Nebula yana ɓaɓɓalle sassan jikinta a gaban Gamora, har ta kasa jurewa ta faɗa masa inda dutsen rai yake, a Vormir. Can ya je ya jefa ta daga kan dutse. Ashe ita ma 'yar lelen ba ta tsira ba.

Endgame na 2019 ya zo da abin da sai irin wannan fim zai iya. Da aka koma shekarar 2014, Nebula ta haɗu da tsohuwar kanta, wadda har lokacin take neman yardar uba ido rufe. Ta yi ƙoƙarin lallashinta, ta ƙi, ta ɗaga bindiga kan Gamora. Sai Nebula ta yanzu ta harbe ta. Wasu suna cewa wurin ya wuce da sauri, ni ma na yarda, ya cancanci a ba shi minti biyu ko uku fiye da haka.

Gamorar da ta rage bayan nan ta 2014 ce, ba ta san Peter Quill ba, ba ta san sauran tawagar ba. A fim na uku, na 2023, ta koma cikin 'yan fashin sama da ake kira Ravagers, kuma cikin tawagar duka Nebula ce ke da hanyar tuntuɓar ta. A ƙarshe Nebula ta zauna a Knowhere tana kula da yaran da aka ceto daga hannun wani mai gwaji da jikin halittu.

Mako mai zuwa za mu ɗauko Natasha da Yelena na Black Widow. Sai mun haɗu, a huta lafiya.