Wanda Ya Fasa Kai a Anu Araren

Ido ba mudu ba, amma ya san kima, in ji masu iya magana. Ina ƙaunar wannan karin magana, sai dai duk wanda ya fara faɗinsa hatsi yake aunawa. Idon da ya yi arba da maciji ƙari yake yi. Macijin kamu biyu yakan cika gaba guda kafin mai labari ya isa gida, ya kai gaba biyu kafin a sauke shayi na uku.

A Anu Araren, kusa da Cirozerin, inda kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 yake haƙo gawayin ƙasa yana ƙonawa don tura wutar lantarki zuwa ma'adinan yuraniyom na Arlit da birnin Agadas, gardamar maciji tana da ɗanɗano na daban. Ma'aikata da yawa 'yan kudu ne, daga Maraɗi da Damagaram da Tawa. Kowa ya zo da macizan gonar ubansa a ka: kasa, kububuwa, gamsheƙa, kumurci, mesa, tsadaraki. Amma gindin duwatsun Abzin suka sauka, ƙasar tsakuwa da yashi da busassun ƙoramu, mai nata macizan. Mutum ya ga baƙon maciji, sai ya laluba jakar da ya zo da ita ya ɗauko sunan da ya fi kusa.

Haka wani direban babbar mota, mutumin Maraɗi, ya yi a wata fada da na zauna. Da hantsi ya sauka gefen hanya, sai ga abu mai kalar yashi, da ɗigo-ɗigo masu duhu, ya ɗaga gaba, ya fasa kai, ya yi huci, ya sulale cikin ramin ɓera. Kumurci ne, ya rantse. Wani dattijo Ba'abzine mai gadi yana gefe, bai musa masa ba, tambaya kawai ya yi.

"Ɗana, da ya fasa kan, tsaye ya miƙe yana kallonka, ko a karkace ya riƙe wuyan?"

"Baba, ni dai na ga ya fasa kai. Ban tsaya awo ba."

"To maƙogwaronsa fa, akwai baƙar ɗamara?"

Direba ya yi shiru, fada ta fashe da dariya. Ni kuwa tambayoyin nan biyu sun burge ni, domin a kansu maganar take rataye.

A kudu, fasa kai shaida ce da ba a ɗaukaka ƙara a kanta: kumurci ne ko gamsheƙa, ka ja da baya. A hamada shaidar tana da rauni. Akwai wani siririn maciji mai kalar yashi, masana suna kiransa Malpolon moilensis, da yake bazuwa daga Muritaniya har ƙasashen Larabawa, yana kuma cikin macizan Nijar. Idan aka tsorata shi yakan baje wuya ya yi huci, ya ɗaga gabansa a karkace, ba ya miƙewa sak irin na kumurci. Jikinsa da ɗigo-ɗigo, da tabo mai duhu a bayan ido, yakan fito da rana, ƙadangaru da ɓeraye yake ci. Haƙoransa na dafi suna can ƙuryar baki, saransa yakan kumbura wuri ya yi zogi, amma ba a lissafa shi cikin masu kisa. Kama da wane ba ta wane.

Kada kuma a ce babu na gasken. Duwatsun Abzin suna da nasu mai tofi, wanda sai a 2003 Wolfgang Wüster da Donald Broadley suka raba shi da danginsa na gabashin Afirka suka ba shi suna Naja nubiae. Ana samunsa a kwarin Nilu, da tsaunukan Ennedi na Cadi, da nan Abzin. Toka-toka ne ko ƙasa-ƙasa, yana da baƙaƙen ɗamaru a maƙogwaro da ɗigon baƙi a ƙarƙashin ido, ya fi son inda ke da damshi da lambuna, kuma idan ya fusata ido yake nema da tofinsa. To a auna abin da direba ya tuna: ɗigo-ɗigo, hantsi, busasshen fili, huci ba tofi, da saurin neman rami. Ni dai na fi karkata ga mai kwaikwayo. Amma ba zan sa hannu a ramin don in tabbatar ba, dattijon ma bai ce a sa ba.

Gardamar da ta fi yi mini daɗi ita ce ta ƙaho. Baƙon da ya fara jin ana cewa akwai maciji mai ƙaho yakan ɗauka tatsuniya ce, irin ta macijin rijiyar Kusugu ta Daura. Wanda ya daɗe kuma yakan wuce gona da iri: duk gajeren maciji mai faffaɗan kai da ba shi da ƙaho, sai ya ce wani iri ne daban, ko ya ce mace ce, namiji ne mai ƙaho, kamar yadda zankaye da gemu suke raba maza da mata a wasu dabbobi. Na taɓa jin wanda ya ce sai maciji ya tsufa ƙwarai ƙahon yake tsirowa, kuma wanda ya mallaki ƙahon ya sami maganin sammu. Maganar sammu na bar wa masu ita. Sauran kuwa duk ba su tsaya ba. Ƙahon ɓawo ne guda ɗaya a saman kowane ido, mai lanƙwasa idan an taɓa shi. Maza da mata duk suna iya samunsa, kuma daga ƙwan uwa ɗaya wasu 'ya'yan sukan fito da shi, wasu babu. Saboda haka wanda ya ce ya ga ƙaho, ya gama shaida, Cerastes cerastes ne, wanda Misirawan zamanin Fir'auna suka zana a rubutunsu. Wanda ya ce bai ga ƙaho ba kuwa bai faɗi kome ba tukuna. Ga shi kuma yana da ƙane a cikin tudun yashi wanda ba ya yin ƙaho ko kaɗan.

Abin da ya fi ƙaho amfani shi ne sawu. Maciji mai ƙaho a kaikaice yake tafiya, yana jefa jikinsa gefe, sai ya bar layuka a jere, kowanne a ware da ɗan'uwansa. Na bi irin wannan sawu da sassafe a bakin wata ƙorama har inda ya ƙare a gindin ciyawa, ban ga kowa ba sai wani ɗan zagaye a yashi. Yana nan a binne, idanu kaɗai a waje. Wannan shi ne macijin ƙaiƙayi na gaskiya, sari ka noƙe, sai dai nasa ƙaiƙayin yashi ne.

Kunne ma ya fi ido riƙe amana. Mai ƙaho da kububuwa duk sukan naɗe jiki su riƙa goga ɓawonsu, ƙarar kamar an yayyafa ruwa a kaskon suya. Wanda ya ji ta sau ɗaya ba ya mantawa. Ko nan ɗin akwai ɗan damfara: macijin da ke haɗiye ƙwan tsuntsaye, wanda ba shi da dafi, shi ma haka yake yi, har zanen bayansa ya ɗauko na kububuwa. Kasa kuwa, da kaurinta da nauyin barcinta, ba ta buƙatar dogon bincike.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da nake ƙi shi ne a ɓata lokacin wanda aka sara ana neman suna. Likita ba ya jiran a gama gardama. Yakan ɗebi jini ya zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta ya ajiye minti 20. Idan bai daskare ba, ya san dafin dangin kububuwa ne yake aiki. Idan fatar ido ta fara sauka, numfashi ya yi nauyi, ya san dafi ne mai kama jijiya. Maganin da ake yi wa allura galibi an haɗa shi ne don macizai iri-iri. Ɗaure ƙafa tamau da tsaga wurin da reza suna ƙara ɓarna ne kawai.

Masu son suna don kansa, irina, muna da babbar matsala da wani karin maganar: an kashe maciji ba a sare kansa ba. Mutane sun ɗauki gargaɗin da gaske, ga kuma camfin cewa hoton makashi yana zama a idon maciji har abokin zamansa ya gani ya biyo sawu. Sai a farfasa kan da dutse, a ƙona. Alhali a kan ne shaidar take: girman ɓawon goshi, ko ƙwayar ido zagaye ce ko a tsaye, tabon bayan ido, ƙaho. Jean-François Trape da Youssouph Mané sun duba macizai 1,714 da aka tara a wurare 28 na Nijar tsakanin 2004 da 2008, suka fitar da jerin iri 51 a 2015. Jakar 'yan kudu ba ta wuce sunaye goma ko makamancin haka ba. Yau da kusan kowane direba yake da waya a aljihu, hoto ɗaya daga nesa, wanda ya kama kai da wuya, yakan isa mai sani ya raba Malpolon da Naja ba tare da an ɗaga dutse ba.